Daga Ina Ribar Take Fitowa?

Jawabin da wani ɗalibi ɗan aji uku ya gabatar a zaman tattaunawa na ƙungiyar ɗalibai



Sa'ad da aka umurce ni in yi magana a kan masu tallan zuba jari na ƙarya a kafofin sada zumunta, sai da na yi jinkiri, gama ni ba masanin tattalin arziki ba ne, ban kuma taɓa riƙe kuɗin da ya isa a kira shi jari ba. Amma da na sake tunani, sai na ga ina da hujja guda ta tsayawa gabanku, watau ni kaina an cuce ni, na kuma jawo aka cuci wadda ta amince da ni. Saboda haka zan fara da labarin kaina, ko da yake ba labarin alfahari ba ne.

A shekarar da na shigo jami'a, wata rana da dare abokin ɗakina ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba. Saƙon banki ne, an sa masa kuɗi. Ya ce wani kamfani ne yake cinikin kuɗin ƙasashen waje, kowa ya zuba Naira 10,000, bayan wata guda a ba shi Naira 13,000. Ya sa ni cikin wani zaure na WhatsApp inda kullum jama'a suke ta aiko da hotunan saƙon banki suna yi wa kamfanin addu'a. Na tsakuri Naira 10,000 daga kuɗin abincina na zuba, ranar da aka yi alkawari kuwa sai ga kuɗina har da riba, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Na sake zubawa, aka sake biya na. Da hutu ya zo na tafi gida ina jin kaina kamar wani Alhaji.

Na tarar da yayata, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ta kwashi adashenta Naira 200,000, tana shirin sayen keken ɗinki domin ta riƙa taɓa sana'a bayan an tashi daga makaranta. Na zauna na tsara mata zance. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta yi mini tambaya guda: "To, ƙanena, su wace sana'a suke yi da kuɗin har take kawo wannan riba?" Na amsa mata da manyan kalmomin da ni kaina ban san ma'anarsu ba. Ta ce, "Kai ne ɗan jami'a, ka fi ni sani." Ta ba ni. Bayan mako uku aka sanar a zauren cewa ana gyaran na'ura, kowa ya yi haƙuri. Bayan wasu kwanaki aka hana kowa magana sai shugabannin zauren. Daga nan zauren ya ɓace, lambobin waya suka daina shiga. Abokin ɗakina, wanda na so in kama da faɗa, na same shi ya haɗa kai da gwiwa, domin kuɗin rajistarsa na makaranta sun tafi. Yayata kuwa har yau ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan shirun nata ya fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Tambayar nan da ta yi mini ita ce jigon maganata a yau. Duk wanda ya zo maka da zancen riba, ka tambaye shi daga ina take fitowa. Manomi ribarsa daga amfanin gona take. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ribarsa tana tsakanin farashin da ya saro atamfa da wanda ya sayar. Mai kiwo yana iya nuna maka ragon da ya turke. In kuwa aka rasa wanda zai nuna maka haja, ko gona, ko masana'anta, ko littafin lissafin da wani mai bincike na waje ya duba, to, lalle ribar daga aljihun wani take fitowa. Naira 3,000 da aka ba ni a watan farko, kuɗin wani bawan Allah ne da ya shigo bayana, kamar yadda aka yi amfani da kuɗin yayata aka biya waɗansu.

Wannan dabara ta girmi kakanninmu. A shekarar 1920, a birnin Boston na ƙasar Amurka, wani mutumin Italiya mai suna Charles Ponzi ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Ya ce sana'arsa ita ce sayen waɗansu takardun gidan waya da araha a Turai, ya canza su da kan sarki mai tsada a Amurka. Mutane suka yi ta tururuwa da kuɗinsu. Da wani masanin harkar kuɗi ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga kafin maganar Ponzi ta zama gaskiya, sai an sami irin waɗannan takardu kamar miliyan 160, alhali kuwa waɗanda suke yawo a hannun jama'a ba su wuce 27,000 ba. Ashe kuɗin na baya yake ɗauka yana biyan na gaba. Cikin watan Agusta na shekarar asirinsa ya tonu, aka ɗaure shi, ya kuma mutu matalauci a ƙasar Brazil a 1949. Tun daga nan ake kiran irin wannan zamba da sunansa. Kada kuma wani ya ce jahilai kaɗai ake kamawa. Bernard Madoff, wanda asirinsa ya tonu a 2008 aka yanke masa ɗaurin shekara 150, bankuna da manyan attajirai da masu ilmi mai zurfi ya yi shekaru yana yaudara da wannan hanya.

A nan gida kuwa, yawancinmu muna ƙananan azuzuwan sakandare sa'ad da MMM ta mamaye Nijeriya a 2016. Wanda ya ƙirƙiro ta, Sergei Mavrodi, ya riga ya tsiyata miliyoyin mutanen ƙasarsu Rasha da wannan suna a 1994, kotu kuma ta same shi da laifin zamba, duk da haka aka karɓe shi a nan hannu bibbiyu. Alkawarinsa kashi 30 cikin 100 ne a wata. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta yi gargaɗi, amma masu zubi suka ce hassada ce. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun kowa, wai na wata guda. Daga baya hukumar inshorar ajiyar bankuna, watau NDIC, ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun yi hasarar wajen Naira biliyan 18. Da a ce gani ga wane yana isar wane tsoron Allah, da maganar ta ƙare a nan. Sai ga shi a watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX ta rushe da dukiyar jama'a, bayan ta yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda, wai wata na'ura mai basira ce take yi mata cinikin kuɗin intanet ba ta faɗuwa. Waɗanda abin ya shafa suka fasa ofishinta na Ibadan suka kwashe kujeru, kujeru kuwa ba su biya kowa ba.

Ku lura, 'yan'uwa, cikin shekara fiye da 100 abin da ya canza shi ne labarin da ake rufe zambar da shi. Jiya takardun gidan waya, yau cinikin dala, ko kuɗin kirifto, ko gonar kaji da ba wanda ya taɓa jin kukan zakaranta. Ƙashin bayan abin kuwa yana nan yadda yake.

Tun da yake a jami'a muke, bari mu ɗauki alƙalami. Wanda ya zuba Naira 10,000 a kan ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, ya bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi, a ƙarshen shekara zai tashi da kusan Naira 233,000, watau kuɗinsa ya ninku sau 23. In kuwa ninkawa ake yi kowane wata, Naira 10,000 za ta zama kusan Naira miliyan 41 a shekara guda, a shekara ta biyu ta haura Naira biliyan 167. Wace sana'a ce a bayan ƙasa take yin haka? Gwamnatin Tarayya kanta, a 2024, shekarar da kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, abin da ta biya masu ba ta bashin shekara guda kashi 20 ne da 'yan kai cikin 100, a shekara fa, ba a wata ba. Sa'an nan mu tambayi kanmu: mutumin da yake da sana'ar da take kawo kashi 30 a wata, me zai hana shi zuwa banki ya ci bashi, ko da a kan kashi 35 a shekara ne, ya cinye ribarsa shi kaɗai? Me ya sa yake bin ɗalibi mai Naira 10,000 har cikin ɗakin kwanansa? Amsar ita ce banki zai nemi ya ga littattafansa, ɗalibi kuwa hoton mota ya ishe shi.

Akwai lissafi na biyu, domin masu cewa ai in kowa ya kawo mutane abin ba zai tsaya ba. A ce kowane mai shiga sai ya kawo mutum 6, su ma kowannensu ya kawo 6. A hawa na 11 ana bukatar mutum fiye da miliyan 362, sun fi dukkan jama'ar Nijeriya. A hawa na 13 ana bukatar fiye da biliyan 13, sun fi dukkan mutanen duniya. Rushewar irin wannan gini tana cikin tsarinsa tun ran da aka aza tubalin farko, kuma a kowane lokaci ya rushe, na ƙasa su ne mafi yawa, su ne kuma za su ɗauki hasarar.

Na sha jin ana cewa ai wannan kamar adashe ne, MMM ma da sunan taimakon juna ta shigo. Iyayenmu mata sun fi mu sanin adashe. In mata 10 suna zuba Naira 20,000 kowane wata, mai kwasa Naira 200,000 za ta ɗauka, kuma kafin zagaye ya ƙare Naira 200,000 za ta zuba. Ba wadda aka yi wa alkawarin ƙari. An san uwar adashe, an san gidanta, an san mijinta da 'ya'yanta, an san adadin masu zubi da ranar da za a gama. Duk adashen da aka ce za ka kwashi fiye da zubinka, kuma ba ya tafiya sai da sababbin shiga, ya tashi daga adashe ya zama wani abu dabam.

To, ta yaya za mu gane su tun daga nesa? Alama ta farko ita ce riba mai yawa wadda aka yanke adadinta aka kuma rantse ba hasara. Kasuwa ta gaskiya yau riba gobe faɗuwa, duk ɗan kasuwar da ya ce bai san faɗuwa ba, ko dai bai fara ba, ko kuwa ƙarya yake yi. Ta biyu, gaggawa: saura kwana biyu a rufe, saura gurbi goma. Ana yin haka ne domin kada ka sami sukunin yin shawara da wanda ya fi ka hankali. Ta uku, la'adar kawo mutane. In kamfani ya fi murna da sabon mai zubi a kan sabon mai sayen hajarsa, ka san masu zubin su ne hajar. Ta huɗu, a ce ka tura kuɗi cikin asusun wani mutum da sunansa, ko asusun da yake canzawa kowane mako. Ta biyar, sauƙin zubawa da wuyar cirewa: a ce sai kuɗinka ya yi wata uku, ko a yi ta lallashinka ka mayar da ribar. Lambobin da kake gani suna hawa a fuskar waya rubutu ne kawai, mai shafin yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ta shida, ƙin tambaya. A zauren da na shiga, duk wanda ya tambayi inda ofishin yake, sai a ce masa mai baƙin ciki ne a fitar da shi.

Kafofin sada zumunta sun ƙara wa wannan cuta ƙarfi ta hanyoyin da Ponzi bai taɓa mafarkinsu ba. Shi sai da ya kama ofis, mutane suka san fuskarsa. Na yau kuwa da waya guda zai buɗe shafi a Facebook ko TikTok ko Telegram, ya sayi mabiya na bogi, ya ari mota ya ɗauki hoto, ya ƙirƙiri saƙon banki cikin minti biyar. Ana biyan waɗansu masu suna a waɗannan kafofi su yi talla, su kuwa kuɗin tallansu suka karɓa, ba su bincika komai ba. Har an kai ga haɗa bidiyon ƙarya da fuska da muryar sanannen attajiri ko mai karanta labarai, a sa masa maganar da bai taɓa faɗa ba. Wani lokaci kuma a sace shafin abokinka a aiko maka da saƙo da sunansa, saboda haka in saƙon kuɗi ya zo daga aboki, kira shi ka ji muryarsa. Amma makamin da ya fi duka kaifi shi ne wanda aka yi amfani da shi a kaina: a biya ka da gaske sau ɗaya ko sau biyu, domin ka zama shaida, ka je ka jawo waɗanda ba za su taɓa amincewa da baƙo ba amma za su amince da kai.

Game da takardu, akwai wani ruɗu da ya kamata yayyenmu ma'aikata su taimaka wajen warware wa jama'a. Macutan nan suna son nuna takardar rajista ta hukumar CAC. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Mai karɓar jarin mutane domin ya juya musu, sai ya sami rajistar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Mai karɓar ajiya kuwa sai da lasisin Babban Banki. Dukkan hukumomin nan biyu suna da jerin sunayen waɗanda suka ba izini a shafukansu na intanet, ka je can da kanka ka duba, kada ka dogara da hoton takardar da aka aiko maka. Bambancin yana da girma: tun 2024, in bankin kasuwanci mai lasisi ya durƙushe, NDIC tana biyan mai ajiya har zuwa Naira miliyan 5, wanda ya kai kuɗinsa wurin da ba lasisi kuwa ba shi da wannan kariya ko ta sisin kwabo. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta haramta irin tsarin Ponzi a fili, ta kuma tanadi tara mai nauyi da ɗaurin da ya kai shekara 10. Sai dai ɗaure ɓarawo ba ya dawo da keken ɗinki.

A yankinmu akwai wata riga da suke sawa, watau rigar addini. Za ka ji an ce wannan jari halal ne, babu riba irin ta ruwa. Malamanmu suna nan, su gyara mini in na yi kuskure, amma abin da muka koya shi ne, a haɗin gwiwar kasuwanci na Musulunci ana raba ribar da aka samu ne bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi kuma mai jari ya ɗauki hasara. Wanda ya yanke maka adadin da zai ba ka kowane wata, ya kuma lamunce maka uwar kuɗinka ko an ci ko an faɗi, ya riga ya saɓa wa ƙa'idar da yake fakewa da ita. Sallama da ambaton Allah a bakin mai talla ba su isa hujja ba.

Ban zo nan domin in yi wa kowa dariya ba. Na san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai shi tsakiyar wata, ɗalibi kuma yana ganin kuɗin da aka aiko masa yana narkewa a hannunsa. Mai neman mafita a wannan hali ba wawa ba ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, macutan nan kuwa matsinmu suke bi. Akwai kuma masu cewa sun san zamba ce, za su shiga da wuri su fita da wuri. Ga waɗannan ina cewa abu biyu. Ba ka san hawa na nawa kake ba, mai shafin kaɗai ya san ranar da zai rufe. In ma ka yi sa'a ka fita da riba, to, ka san kuɗin wata malamar firamare ka ci.

Wanda kuma tsautsayi ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonni da lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, ya sanar da bankinsa nan da nan, ya kai ƙara ga hukumar EFCC ko SEC ko 'yan sanda, ya kuma gaya wa duk wanda ya jawo ciki. Ya yi hattara da cuta ta biyu, gama bayan kowace rushewa sai an sami masu cewa a biya wani abu kaɗan domin a fito da kuɗin da suka maƙale. Bayan CBEX ta rufe, an nemi mutane su sake zuba dala 100 ko 200 wai domin a tantance asusunsu. Kada garin neman gira a rasa ido.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, ku tuna da maganar yayata: "Kai ne ɗan jami'a, ka fi ni sani." A garuruwanmu da ƙauyukanmu haka ake ɗaukarmu. In ɗan jami'a ko ma'aikacin gwamnati ya ce abu yana da kyau, tsohuwa za ta kwance bakin zanenta, manomi zai sayar da buhun masararsa. Wannan amana ce aka ɗora mana tun kafin mu karɓi takardar digiri, macuta kuma sun san darajarta, shi ya sa suke neman bakinmu fiye da 'yan kuɗinmu. Ina roƙonku, kada ɗayanmu ya tura wa kowa tallan jarin da shi kansa ba zai iya bayyana tushen ribarsa da Hausa mai sauƙi ba, yadda mahaifiyarsa za ta gane. In ka kasa bayyanawa, ka ce ba ka sani ba, faɗin haka ba ya rage wa mai ilmi daraja. Ni dai tun bara nake koyar da yara darasi da yamma ina tara abin da ya samu, ina fata kafin in gama karatu in kai wa yayata kekenta.

Allah ya ba mu arziki na halal mai albarka, ya kare mu daga sharrin macuta da na kwaɗayin zukatanmu.